TSAKANIN TUKUNYA DA JIRGI: ABIN DA MUKA KOYA A KASUWAR KURMI

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai



Da aka aiko mana da takardar gayyata aka ce mu zo mu yi magana a kan amfanin ilmi ga jama'a, sai muka ga kan maganar ya fi ƙarfinmu, balle kuwa ga malaman da suka koyar da mu suna zaune. Saboda haka muka zaɓi mu ba ku labarin abu guda da muka taɓa da hannunmu, watau wani tsohon jirgin kamun kifi na alminiyam, da yadda neman gyaransa ya kai mu Kasuwar Kurmi. Mun san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina jirgin ruwa, ina Kurmi, inda ruwan da ake gani bai wuce na Jakara ba? To, a yi mana haƙuri, haɗin zai fito.

Kowa ya sani Kano ba ƙasar manyan koguna ba ce. Su a nan da can aikin ƙananan koguna ne da kududdufai, da gora da koma. Amma tun daga zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, aka shiga datse ruwa. An gina madatsar Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, ga ta Bagauda kusa da ita, ga ta Watari a ƙasar Bagwai, sa'an nan a 1992 aka gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. An yi su ne domin noman rani da ruwan sha, amma duk inda ruwa ya kwanta kifi zai zo, inda kifi ya zo kuwa masunci zai biyo shi. Ruwa mai faɗi da zurfi irin wannan ya fi ƙarfin gora, sai da jirgi. Manyan itatuwan da ake sassaƙa kwalekwale da su kuwa, irin su maɗaci da kawo, kullum ƙara wuya suke yi.

A gaɓar ɗaya daga cikin waɗannan madatsai muka tarar da jirgin da muke magana, a kife, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinsa. Ɗayanmu ne aiki ya kai shi can, ya dawo ya ba mu labari. Shekaru da yawa da suka wuce aka kawo wa ƙungiyar masuntan wurin shi a cikin wani shirin taimako. An yi biki, an ɗauki hoto, masu kawowa suka tafi. Ba a bar musu ko ƙusa ɗaya ta gyara ba, ba a kuma nuna wa kowa yadda ake kula da shi ba. Da ya fara yoyo suka yi masa abin da suke yi wa kwalekwalen katako, suka cusa tsumma, suka shafa kwalta, suka ɗaure da ƙusar ƙarfe. Yoyo ya ƙaru, suka gaji da kwarfar ruwa, suka kife shi. Lokacin da muka je, wani ɗan gwangwan ya riga ya zo da sikelinsa ya yi tayi, ana jiran amsa. Dattijon masuntan ya dube mu ya ce, "Samari, ku ne kuka yi karatu. In yana da sauran rai ku gaya mana, in kuwa ya mutu mu sayar mu raba kuɗin."

Kafin mu ci gaba, wajibi ne mu yi wa ɗan gwangwan adalci, domin tayinsa ba na wauta ba ne. Alminiyam ƙarfe ne mai tsadar haihuwa. Ba a iya fitar da shi da yawa daga ƙasarsa ba sai a 1886, lokacin da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano hanyar raba shi da wutar lantarki, kowa da kansa. Har yau wannan hanya ake bi, kuma tana shan wuta ƙwarai. Don haka ne masana'antar narka shi ta Tema a Gana ta dogara da madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965. Tamu ta Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, bayan nan kuma ta sha tashi da faɗuwa. Amma sake narka tsohon alminiyam ba ya cin fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 na wutar da ake bukata a fitar da sabo. Yana narkewa a zafin digiri 660, zafin da gawayi da zuga-zugi suke iya kai wa, alhali baƙin ƙarfe sai an haura digiri 1,500. Wannan ne ya sa sana'ar zubin tukwane ta bazu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har ta zama babu gidan biki ko ɗakin amarya da ba a ganin abin da muke kira tukunyar dalma, ko da yake ainihin dalma wani ƙarfe ne dabam mai nauyi. Da an sayar da jirgin nan, da bai tafi a banza ba, da ya dawo Kurmi a siffar tukwane da ludaya.

Abin tambaya shi ne, wanne ya fi? Kuɗin gwangwan sau ɗaya ake karɓarsa, a raba, a ci, ya ƙare kafin kasuwa ta zagayo. Jirgi kuwa kowace safiya yana fita ya dawo da tarwaɗa da karfasa. Har wa yau, narka jirgi asarar aiki ce, domin ƙarfen da ke jikinsa an gauraya shi ne musamman don zaman ruwa, an murza shi ya zama falle, an lanƙwasa, an ɗaure. Duk wannan aiki yana tafiya da zarar an jefa shi a wuta. Saboda haka muka roƙi dattijon ya ba mu wata guda.

Farkon abin da muka yi shi ne neman inda ciwon yake. Hanyar mai sauƙi ce. Maimakon a sa jirgi a ruwa, sai a sa ruwa a jirgi. Muka ɗora shi a kan kututture, muka zuba ruwa daidai idon sawu, muka kwanta a ƙarƙashi da gawayi a hannu, duk inda ya ɗiga mu zagaye. Ciwo huɗu muka samu. Na farko, ƙusoshin ɗauri da yawa sun saki, domin irin wannan jirgi ba da walda aka haɗa shi ba, da ƙusoshin alminiyam ne waɗanda ake sokawa a huda a dandaƙe bakinsu. Na biyu, akwai tsaga mai tsawon taƙi guda a gindin kujerar tsakiya. Na uku, katakon baya inda ake rataya inji ya ruɓe. Na huɗu shi ne ya fi ba mu tsoro: duk inda masunta suka sa ƙusar baƙin ƙarfe ko wayar tagulla, jikin jirgin ya yi wani farin gari kamar toka, in ka kankare sai ka ga ramuka, wasu har sun ɓulle.

A nan littafi ya yi mana rana. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, domin da ya sha iska sai wata 'yar fata siririya wadda ido ba ya gani ta rufe shi ta tsare shi. Amma in aka haɗa shi jiki da jiki da wani ƙarfe dabam, musamman tagulla, ruwa kuma ya shiga tsakani, sai su biyun su zama kamar batir. 'Yar wuta ta riƙa gudana, alminiyam ne kuwa ke zagwanyewa. A ruwan daɗi abin ba ya sauri kamar a ruwan teku, amma shekaru suna yin abin da kwanaki ba su yi ba. Watau maganin da masunta suka yi wa jirgin shi ne ya zame masa cuta. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya gaya musu.

Da muka gane haka sai kanmu ya kumbura, muka ɗauka saura ƙiris. Muka ɗauko wani mai walda da injinsa muka ce ya like tsagar. Ya ce bai taɓa yi wa irin wannan ƙarfe ba, muka ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Kafin mu ankara, inda tsaga take ya zama rami wanda hannun yaro zai shiga. Mun karanta dalilin a aji, amma ba mu tuna ba sai da ɓarna ta auku. Ita 'yar fatar nan da ke tsare alminiyam ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000, alhali abin da ke ƙarƙashinta ya narke tun a 660. Ga shi kuma ba ya yin ja kafin ya narke, balle ido ya yi maka gargaɗi. Waldarsa sai da inji na musamman mai hura iskar argon, da hannun da ya saba. Masunta ba su ce mana kome ba. Shirun nan nasu ya fi zagi zafi.

Wani direba ne ya ce mana mu yanki guntun ƙarfen mu kai Kurmi, mu nemi tsofaffin maƙeran fari. Muka tafi ba da son ranmu ba, domin a ganinmu Kurmi wurin sayen sirdi ne da linzami da turare da littattafai, ba wurin injiniya ba. Mun manta cewa kasuwar nan, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499, ta fi shekara 500 tana karɓar baƙin kaya tana koyon halinsu. Tagulla ta zo ta Sahara, maƙera suka koye ta. Azurfa ta zo, suka koye ta. Da alminiyam ya zo, shi ma ba su bar shi ba.

Muka bi lungu muka fita lungu, masu tukwane suka miƙa mu ga masu ludaya, su kuma suka nuna mana wata rumfa inda wani tsoho ke zaune gaban uwar maƙera. Muka gaishe shi, muka ce, "Baba, ga abin da ya kawo mu." Ya karɓi guntun, ya lanƙwasa, ya ƙwanƙwasa shi a kan uwar maƙera ya saurara, sa'an nan ya ce, "Wannan ba irin na tukunya ba ne. Wa ya sa muku wuta a jikinsa?" Muka sunkuyar da kai. Ya ce, "'Ya'yana, abin da aka ɗaure da sanyi, da sanyi ake gyara shi." Lungunan Kurmi ba su ɗaukar jirgi, don haka muka roƙe shi ya bi mu. Ya ce shi tun da yake bai taɓa shiga jirgin ruwa ba, amma zai je ya gani.

Kwana shida muka yi da shi da yaronsa a gaɓar ruwa, kuma a cikinsu ne muka yi karatun da muka zo ba ku labari. Ƙusoshin da suka saki, mutum biyu ke ɗaure su: ɗaya ya tokare kan ƙusa da dunƙulen ƙarfe daga waje, ɗaya ya daki bakinta daga ciki. Mu da muka gwada, ko dai mu bar ta sakwa-sakwa, ko mu dake ta har fallen ya lotsa. Shi kuwa bugu uku ko huɗu yake yi ya wuce, da kunne yake gane ta zauna. Waɗanda suka lalace ya huda ya fitar, ya yanko sababbi daga waya mai kauri ta alminiyam zalla. Da zai tausasa wayar sai ya goga mata sabulu ya kara a wuta, sabulun yana yin baƙi ya janye. Muka duba littafi muka ga zafin da ake so ke nan, wajen digiri 400. Ba shi da ma'aunin zafi, amma sabulunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Kada a ce mun zo yabon tsoho ne mu kushe makaranta. Sau uku muka hana shi abin da ya yi niyya, kuma mu ne da gaskiya. Da zai toshe ramin da muka yi, ya so ya zuba faci daga narkakken tukunya. Muka ce a'a, domin ƙarfen tukunya tattare-tattare ne na fistan mota da gwangwani da sauran tarkace, akwai tagulla a cikinsa, ga shi da gautsi, ba ya jure lanƙwasa. Na jirgi kuwa da magniziyam ake gauraya shi. Sai muka koma wurin ɗan gwangwan nan muka sayi falle daga gawar wani jirgi da ya riga ya sare. Ya so ya ɗaure facin da ƙusar tagulla don ta fi kyau da ƙarfi, muka nuna masa farin garin nan da ramukan da ke ƙarƙashinsa. Ya daɗe yana dubawa, ya ce ya sha ganin haka a gindin buta, bai san dalili ba sai yau. Na uku, muka ce kafin a rufe tsaga sai an huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta, in ba haka ba za ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashin faci. Ya ce wannan kam masu ɗinkin ƙwarya sun riga mu sani.

Haka aka yi facin: aka yanke wurin da ya ƙone, aka goge, aka shafa gam mai kama da roba a tsakani, aka ɗora falle, aka jera ƙusoshi. Shi yana auna tazararsu da faɗin babban yatsa, mu muna bi da ma'auni, sai muka ga lissafin ya zo ɗaya. Aka cire duk wani baƙin ƙarfe da tagulla daga jikin jirgin. Kafinta ya yanko sabon katakon baya, aka shafe shi da fenti, aka ɗaure da noti na ƙarfe marar tsatsa, aka sa 'yar roba tsakaninsa da jikin jirgi don kada su taɓa juna. Muka gargaɗi masunta kada su wanke shi da soda, domin tana cin alminiyam, kada kuma su bar ƙugiya ko guntun waya ko tsabar kuɗi su kwana a cikin ruwan da ya taru a gindinsa.

Ranar gwaji, muka sake zuba ruwa, ba ɗigo. Da aka tura shi cikin ruwa, tsohon nan da bai iya iyo ba ya tattare rigarsa ya ce shi zai fara shiga. Muka ce, "Baba, bari masu iyo su gwada." Ya ce wanda ya yi ɗauri shi ya kamata ya fara ɗora ransa a kai. Aka sa masa rigar kariya, ya zauna daidai kan facin, aka zagaya da shi aka dawo, tafin ƙafarsa a bushe. Da ya sauko sai ya ɗauki kurfi ya buga alamarsa a gefen facin, ya ce in ya yi yoyo a san wanda za a nema.

Wannan alama ta tuna mana da wani abu a tarihin kasuwar da ya fito. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin cewa in aka sayi riga ko turkuɗi a kasuwar Kano aka tafi da shi a naɗe har Barno, aka buɗe aka ga aibi, ana maido da shi, domin akwai sunan dillali a rubuce a cikin kowane ƙunshi, kuma dole a mayar da kuɗin. Shekara 200 ke nan. Ashe abin da muke kira sabon tsari a ofisoshinmu, watau a san wanda ke da alhakin kowane aiki, tsohon abu ne a Kurmi.

Kada kuma a ɗauka maganar jirgi maganar kifi ce kaɗai. A garuruwan da madatsai suka raba, jirgin da ya kama kifi da asuba shi ne yakan ɗauki mutane da hantsi. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Watari a ƙasar Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa taron Mauludi. Rahotanni sun ce lodi ne ya yi yawa. Allah ya jiƙansu. Jirgin alminiyam nauyinsa kaɗan ne, domin ƙarfen kimanin sulusin nauyin baƙin ƙarfe ne, amma in ya cika da ruwa nutsewa yake yi, ba kamar katako ba. Don haka ba mu miƙa shi ba sai da muka cusa jarkoki rufaffu a ƙarƙashin kujeru muka ɗaure, muka kuma ja layin fenti a jikinsa, muka ce in ruwa ya taɓa layin nan, to, kada a ƙara ko ɗan akuya.

To, 'yan'uwa, ga abin da muke so ku tafi da shi. Kayan da aka kawo mana daga waje, ko da kuɗinmu muka saya, bai zama namu ba sai ran da muka iya gyara shi. Kafin wannan rana aro ne, kuma ranar da ya lalace ya koma hannun ɗan gwangwan. Ku zagaya bayan ma'aikatu da asibitoci da makarantu ku ga motoci da injuna da gadaje da aka jingine, da yawansu ciwonsu bai fi na jirgin nan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa takan fara ne tun ranar saye.

Saboda haka muna roƙon waɗanda suka kama aiki abu uku. In fayil ɗin sayen kaya ya zo teburinku, ku tambaya wa zai gyara shi, da me, kuma ina kuɗin gyaran yake a cikin kasafi. In za a miƙa wa jama'a kaya, ku tabbata an miƙa musu da sanin halinsa, ko da a takarda guda ce da Hausa, da boko da ajami. In kuma aka kawo muku jerin kayan da za a yi gwanjonsu, kada ku sa hannu sai kun je kun gani da idonku, kun kuma tafi da mai sana'ar da ya san abin. Wani kayan lalle ya mutu, a bar wa masu tukwane su yi amfani da shi. Wani kuwa suma ya yi.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu karatun injiniya da kimiyya, daga nan zuwa Kurmi ba nisa. Ku nemi ranar da ba ku da lacca ku je ku zauna a rumfar maƙeri, ku gaishe shi da ladabi, ku riƙe masa awartaki. Zai nuna muku abin da hannu ya sani, ku kuma ku gaya masa dalilin da littafi ya faɗa. Mu kaɗai mun ƙona rami, shi kaɗai da ya sa tagulla, jirgin ya sake ruɓewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsofaffin nan kuwa ba za su dawwama ba, kuma da yawansu 'ya'yansu sun kama wata hanya.

Labarin da ya zo mana na baya-bayan nan shi ne jirgin yana fita kullum, kuma yaron maƙerin nan ya koma can sau biyu, masunta sun kira shi da kansu ya ɗaure musu wasu ƙusoshi, sun biya shi.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfani jama'armu da shi.